Ƙafar da ta riga ni shiga ƙasa

Ni tela ne, kuma ni ne ɗan fari a wurin mahaifina. Na fara da waɗannan biyun ne saboda wanda bai riƙe su ba zai yi wuya ya gane abin da rashin ƙafar dama ya yi mini, ko dalilin da ya sa ni da Baba muka shafe wata bakwai a gida ɗaya ba mu haɗa ido ba. Tela da ƙafa yake neman abinci, domin keken da na koyi ɗinki da shi tun ina yaro na takawa ne. Ɗan fari kuwa, a al'adar gidanmu, uba ba ya kama sunansa, ba ya zaunar da shi hira, ba ya yabonsa a gaban mutane. Na kai shekara 34 ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, sai dai ya ce "kai", ko kuma in ba na wurin ya ce "yaron nan".

A watan Sha'aban na shekarar 2017, cikin tsananin zafin farkon Mayu, na tashi daga garinmu da ke ƙasar Kazaure na tafi Kantin Kwari a Kano domin sayo shadda da yadi da zare na ɗinkin sallah. Duk telan da ya san kansa tun kafin azumi yake tara kaya, saboda abin da zai samu a wannan watan shi ne ke riƙe shi rabin shekara. A hanyar dawowa na shiga ƙaramar mota, mu biyu a kujerar gaba kamar yadda aka saba cusa mu, kuma bayan mun wuce Ɗambatta da kaɗan tayar gaba ta fashe. Abin da na iya tunawa shi ne ƙarar ƙarfe da ƙura da salati. Da aka zaro ni, ƙwaurina na dama ya karye, ƙasusuwan biyu duka, ga rauni a buɗe yana zubar da jini.

A ƙaramin asibitin da aka fara kai mu an wanke raunin, an tsayar da jinin, sannan aka ce lallai a wuce da ni Kano, domin irin wannan karaya sai an yi hoto an shiga tiyata an sa ƙarfe. Kafin magariba Baba ya iso da baffannina biyu. A bakin gadona aka yi shawarar, kuma maganar da ta fi nauyi ita ce wadda kowa a ƙauye ya taɓa ji: in ka kai karaya asibiti, yanke ƙafar za su yi. Baba ya ce akwai mai ɗori a wani ƙauye kusa da mu wanda ya gaji sana'ar daga kakanninsa, kuma shi ya ɗora masa hannu yana saurayi. Dole in faɗi gaskiya a nan, domin na daɗe ina ɓoye ta har ga kaina: ba a ɗauke ni da ƙarfi ba. Na yi lissafin kuɗin tiyata, na yi lissafin kayan mutane da ke jibge a shagona, na ji an ce mai ɗori yana tayar da mutum cikin kwana arba'in, sai na ce da bakina a kai ni can.

Ba zan ci mutuncin mutumin ba. Dattijo ne mai fara'a, kuma na ga waɗanda ya yi wa gyaran targaɗe suka tashi lafiya. Ya sa majiya ƙarfi biyu suka danne ni, ya ja ƙafar har na suma, ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya jera sassaƙaƙƙun itatuwa kewaye da ƙwaurin ya ɗaure da tsumma tamau, raunin yana ciki. A daren nan na ji azabar da ban taɓa sanin jiki yana iya ɗauka ba. Da safe aka gaya masa, ya ce ƙashi ne yake kamawa, kuma namiji ba ya raki. A kwana na uku yatsun suka kumbura suka yi sanyi, in an taɓa su kamar na wani ake taɓawa. Bororo ya fito a gefen ɗaurin. A kwana na biyar zafin ya lafa, muka yi ta hamdala, har Inna ta aiko a yi sadakar waina, alhali kuwa abin da likita ya bayyana mini daga baya shi ne, zafin ya tafi ne domin naman da ke jin zafin ya mutu.

Maiɗakina ce ta fara lura da ƙudaje. Ita ke kwana a bakin tabarmata, ita ta ga yatsun sun rine sun koma baƙi, ita ta ji warin da sauran mutane suke ɗauka na magani ne. Mace ce mai tsananin kunya, tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa ɗaga kai a gaban surukinta ba, in ta gaishe shi daga bayan ƙofa take durƙusawa. A safiyar kwana na tara sai na ga ta ja mayafinta ta nufi inda Baba yake zaune da baffannina a gindin darbejiya, ta durƙusa a gabansa a bainar jama'a, ta ce: "Baba, don girman Allah a kai shi asibiti yau. Ƙafar nan ta ruɓe." Wani baffana ya buɗe baki zai tsawata mata, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya taso ya zo ya sunkuya a kan ƙafar, ya daɗe a haka, sannan ya ce a nemo mota.

Asibitin Ƙashi na Dala muka nufa, wanda yake aiki a Kano tun 1959, kuma da muna da rabo da tun ranar farko muna can. Da aka kwance ɗaurin sai da ƙanena ya fita waje. Likitan bai yi mana faɗa ba, na kuma gode masa da hakan. Ya zauna ya yi bayani da Hausa: karyayyen wuri dole ya kumbura, in aka matse shi ta waje kumburin ba shi da inda zai tafi sai ya danne jijiyoyin jini, tsokar da jini ya daina kai wa kuwa cikin 'yan sa'o'i take fara mutuwa, ba sai an yi kwanaki ba. Ya ce gubar ta fara shiga jinina, kuma zaɓin da ya rage tsakanin ƙafa ne da rai. Ya ƙara da cewa zai yi iya ƙoƙarinsa ya bar mini gwiwa, domin mai gwiwa ya fi saurin koyon tafiya da ƙafar roba, kuma bai kai wanda aka yanke wa cinya gajiya ba. Aka miƙa wa Baba takardar amincewa, hannunsa ya kasa riƙe biro. Ni na karɓa na sa hannu. Ƙanena da wani yaron shagona suka ba da jini.

Abin da ya faru ina ɗakin tiyata daga bakin ƙanena na ji shi. Da aka fito da ƙafar, Baba ya aika aka sayo farin alawayyo, ya naɗe ta da hannunsa, ya hana kowa taya shi ɗauka, ya rungume ta a ƙirji kamar jariri har maƙabarta. Ba a yi wa gaɓa sallah in mai ita yana raye, binnewa kawai ake yi. Ƙanena ya ce shi ya haƙa ramin, amma Baba ne ya shiga ya ajiye ta, kuma duk tsawon hanyar dawowa bai ce uffan ba.

Azumi ya same ni a gadon asibiti, kuma a nan ne zan faɗi abin da ya fi ba ni kunya. Kwana goma sha ɗaya na yi ban yi sallah ba. In maiɗakina ta tuna mini sai in ce ba ni da tsarki, ga robar fitsari, ga jini a bandeji, amma a zuciyata na san fushi ne. 'Yan dubiya suna shigowa suna cewa Allah ya sa kaffara ne, ina amsawa da amin, ina jin kamar in ce su ɗauki kaffarar su ba ni ƙafata. Ban taɓa furta saɓo ba, sai dai na juya wa Ubangijina baya kamar yaron da aka hana abu.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani bawan Allah daga Barno, wanda bam ya raba da ƙafafunsa biyu. A lokacin ana yawan kawo mutanen arewa maso gabas Dala, kuma ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa tana taimaka musu da ƙafafun roba. Yana da wani ɗan dutse mai santsi, bai kai tafin hannu ba, da yake ajiyewa a ƙarƙashin matashinsa. Da an kira sallah zai ciro shi, ya buga tafukansa a kai, ya shafi fuska da hannuwa, ya gyara zama ya kabbarta. Na tabbata ya lura da ni tun ranar farko, amma bai taɓa yi mini wa'azi ba. Wata asuba, bayan ya gama taimamarsa, sai ya miƙo hannu ta tsakanin gadajen ya ɗora dutsen a kan bargona, ya ce da Hausarsa ta Barebari: "Malam tela, riƙe mini wannan." Ya tayar da sallarsa ya bar ni da dutse a cinya. Dutsen yana da ɗumin hannunsa. Na daɗe ina kallonsa kafin in buga tafina a kai, kuma raka'a biyun nan da na yi a zaune, ina nuni da kai, ban iya ƙarasa Fatiha a cikinsu ba sai da na maimaita saboda kuka. Daga baya na rama kwanakin da na sha, ɗaya bayan ɗaya.

Komawa gida ta fi zaman asibiti wuya. Babu wanda ya shirya ni wa ƙaiƙayin babban yatsan da aka binne a Kano, ko zugin diddigen da babu shi. Na ɗauka taɓin hankali ne ya fara kama ni, sai ma'aikacin sashen gashin ƙashi ya ce mini yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka, domin ƙwaƙwalwa ba ta saurin yarda cewa gaɓar ta tafi. Wani dare na farka da fitsari, na sauko daga gado da ƙafar dama kamar yadda na saba shekara talatin, na faɗi a kan dungun. Maiɗakina ta koyi naɗa bandeji a gicciye yadda aka nuna mata, safe da yamma, domin dungun ya motse ya yi siffar da zai shiga ƙafar roba, kuma ita ke hana ni sa matashi a ƙarƙashin gwiwa don kada ta ƙage a lanƙwashe. Ta sayar da tinkiyarta da 'yan kunnenta na aure, ta roƙi uwar adashi aka ba ta kwasar farko, ta fara suyar awara yara suna kai wa makarantar allo. Na ji labarin wata gwaggonta ta zo ta ce mata tana da sauran ƙuruciya, kada ta ƙare rayuwarta a jinyar gurgu. Ban san amsar da ta ba ta ba, ita ma ba ta taɓa gaya mini ba, abin da na sani shi ne gwaggon ba ta sake kwana a gidanmu ba. Ƙanena ya kwashe ɗinkunan mutane ya rarraba wa abokan sana'ata, su kuma suka ɗinka suka aiko mini da kuɗin aikin cif, ba su cire ko na zare ba.

Baba kuwa ya daina shigowa sashenmu. In ya ji ƙarar sandunana a tsakar gida sai ya shige ɗaki ko ya fice. Na fassara abin da cewa kunyar samun ɗa gurgu yake ji, kuma na riƙe shi a zuciya, ina cewa shi ya kai ni, ga shi ko sannu ba ya iya yi mini. Amma sai na riƙa wayar gari ina tarar da abubuwa. Wata rana na ga an sassaƙe dokin ƙofar ɗakina an daidaita shi da ƙasa. Wata rana na shiga bayi na ga kujerar katako mai rami a tsakiya, da turke a kafe a gefe inda zan kama. Bayan ruwan sama na ga an zuba yashi tun daga ƙofata har zaure. Na yi ta gode wa ƙanena, yana yin shiru, har ranar da ya gaji ya ce: "Yaya, ba ni ba ne. Baba ne yake yi bayan kun yi barci."

Limamin unguwarmu yakan zo bayan la'asar ya zauna da ni. Shi ya karantar da ni hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ya kuma bayyana mini cewa wanke ƙafar da aka yanke daga saman idon sawu ya faɗi daga kaina a alwala. Wata rana ya ba ni labarin Urwatu ɗan Zubairu, ɗan Asma'u 'yar Abubakar, ɗaya daga malaman fiƙihu bakwai na Madina, wanda ƙafarsa ta ruɓe aka yanke ta a Dimashƙa zamanin Walidu ɗan Abdulmalik, kuma a wannan tafiyar dabba ta halaka ɗansa. An ruwaito cewa ya gode wa Allah da ya ba shi gaɓoɓi huɗu ya karɓi ɗaya ya bar masa uku, kuma da ya dubi ƙafar ya ce Allah ya sani bai taɓa takawa da ita zuwa haram ba. Liman yana nufin ya ƙarfafa ni ne, amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne: ni ba zan iya faɗin haka a kan tawa ba. Na san wuraren da ta kai ni a ƙuruciya. A daren nan na yi tuban da ban taɓa yin irinsa ba, kuma na fara roƙon Allah ya sa wadda ta rage ta fi 'yar'uwarta shaida mai kyau.

Na tambayi liman ko laifi ne in ce sakacinmu ne ya jawo, tun da komai ƙaddara ne. Ya ce Annabin da ya hana mu cewa "da na yi kaza da kaza ya faru" shi ne kuma ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Abin da ya wuce a ce Allah ya ƙaddara, abin da ke gaba a ɗaure raƙumi. Shi ya sa yanzu duk gidan da na ji an yi karaya a garinmu nakan je, in ɗage wandona su gani, in ce musu karaya mai rauni a buɗe ba ta gidan ɗori ba ce, kuma in zafi ya wuce misali, ko yatsu suka yi sanyi, suka dushe, suka daina ji, a kwance ɗaurin a tafi asibiti a wannan sa'ar. Wasu suna ji, wasu suna cewa na zama ɗan koren likitoci.

Abu guda da har yau yake yi mini ciwo shi ne sadakar da ban roƙa ba. Ranar da na fara komawa Kano ganin likita, ina tsaye a tasha a kan sanduna ina jiran ƙanena, wani mutum ya cusa mini naira hamsin a hannu ya wuce, ko fuskata bai kalla ba. Niyyarsa alheri ce, amma a ƙasarmu da an ga mai dungu sai a ga almajiri. A watan Janairun 2019 an sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wa'adin ya cika, matakalar tana nan inda take. Ni ma'aikatu ba su dame ni kamar masallatai ba, inda ake gina bene mai tsawo, a shimfiɗa tayil mai santsi a wurin alwala, a manta da tsoho da gurgu.

A ƙarshen shekarar 2017 aka auna dungun da filasta, aka ƙera mini ƙafa. Na koyi tafiya tsakanin ƙarafa biyu ina kallon madubi, na koyi ƙara safa in dungun ya rame, na koyi duba fatar kowane dare saboda gumi yana sa ta saluɓe. Ranar da na dawo gida da takalma biyu a ƙafa, cikin hunturu, Inna ta leƙo ta labule ta koma da sauri. Washegari na tafi sallar asuba da ƙafata, kuma da muka dawo na tarar da Baba zaune shi kaɗai a zaure, ya lulluɓa da bargo. Na durƙusa iya yadda ƙafar ta bari na gaishe shi. Bai amsa ba, sai ya ce, yana kallon ƙasa: "Kai, ni na kai ka wurin nan. Ni na ɗauke ta da hannuna, na san nauyinta. Ka yafe mini tun ina da rai." Na ce: "Baba, da bakina na amsa a kai ni. In da abin yafewa na yafe duniya da lahira, ni ma ka yafe mini zaton da na yi maka." Ya miƙo hannu ya taɓa ƙafar robar daga gwiwa har ƙasa, yana latsawa a hankali kamar mai duba kumburi, ya tambaye ni ko tana yi mini zafi. Ko a ranar bai kama sunana ba.

Komawa kan keke ya ɗauke ni watanni. Ƙafar roba ba ta da idon sawun da zai lanƙwasa, don haka sai na koya wa ta hagu aikin da ba ta taɓa yi ita kaɗai ba. In na taka sai keken ya juya baya, zare ya tsinke, ƙasan ɗinkin ya cukurkuɗe, yaron da na koya wa riƙe almakashi yana gefe yana kawar da kai don kada in ga tausayi a idonsa. Da faci na fara, sannan wandunan yara. Yanzu ina da yara huɗu a shago, kuma mutanen da muka haɗu da su a Dala suna aiko mini da ɗinki, domin na gano yadda ake faɗaɗa ƙafar wando a sa dogon zif ta ciki, mutum ya cire ƙafarsa ya mayar ba tare da ya tuɓe ba.

Cikakken kaftanin da na fara ɗinkawa da ƙafar hagu na Baba ne, farar shadda, na ƙaramar sallar 2018. Ban auna shi ba, domin ɗan fari ba ya sa wa ubansa tef a wuya, tsohuwar rigarsa Inna ta saci jiki ta ba ni na gwada. Ɗinkin aljihun ƙirjin ya karkace, duk telan da ya kalla zai gani daga nesa. Da shi ya je idi, kuma har yanzu yakan sa shi ranar Juma'a ko da wuyan ya fara cinyewa. Sau uku ina aika ƙanena ya karɓo mini shi in farke aljihun in daidaita, sau uku yana dawowa hannu wofi, ya ce Baba ya ce a gaya wa yaron nan rigar ba ta da abin gyara.